Wasan Daɓe da Masu Rubuta Shi

Bayan sallar la'asar, idan ɗalibai sun watse, akwai azuzuwan firamare a garuruwanmu da kan koma wani abu daban, ko da yake yanzu sun ragu ƙwarai. Za ka tarar da samari goma ko goma sha biyar sun tura bencina jikin bango, sun ja layi da alli a ƙasa. Daga layin zuwa allo shi ne daɓe. Daga layin zuwa ƙofa kuwa wurin 'yan kallo ne, alhali babu kowa a wurin sai darakta zaune a kan tebur, riƙe da littafin rubutu. Yaro zai shigo da sallama, darakta ya tsayar da shi: "Koma, na kujerar ƙarshe bai ji ka ba." Ya koma, ya sake shigowa. Sai a yi sallamar nan sau bakwai kafin a wuce ta. Wannan shi ne gwaji, kuma a nan ake yin mafi yawan aikin sana'ar da mutanen Kano ke kira wasan daɓe, wasu su ce wasan dandamali, sauran jama'a kuwa su ce dirama.

Da gangan na kira ta sana'a. Kalmar "wasa" da ke manne da sunanta ta daɗe tana jawo mata raini, har uba kan ji nauyin faɗa wa surukai cewa ɗansa ɗan dirama ne. Amma duk abin da ake nema a sana'a tana da shi. Tana da iyayen gida da yara, tana da kayan aiki, tana da ƙa'idojin da ba a karya su, tana kuma da kasuwa, komai ƙanƙantarta.

Yaron da ya shigo ƙungiya ba a miƙa masa fitowa a ranar farko. Shara zai fara yi, da ɗaukar benci, da sayo ruwa. In ya jure, sai a ba shi ɗan aike, ko dogarin da zai tsaya ƙiƙam bayan sarki har a sauke labule bai ce uffan ba. Daga nan ya zama bafade mai amsa gaisuwa. A tsayuwar nan yake koyon abin da ba a karantarwa da baki: kada ka juya wa 'yan kallo baya, kada ka tare abokin wasanka, kada ka yi magana a kan dariyar jama'a, ka jira ta lafa. In abokinka ya manta zancensa, kai za ka jefa masa wata magana da za ta dawo da shi hanya ba tare da kowa ya gane ba. A gaban kyamara, in ka yi kuskure, a tsaya a sake. A daɓe kuwa babu sakewa, shi ya sa tsofaffin 'yan fim ɗin da suka fito daga nan har yau ake gane su da nutsuwa da kaifin baki.

Kayan aikin ba su da tsada, dabara ce ke da yawa. Babbar rigar mahaifi da rawanin maƙwabci su ne fada. Auduga da ɗanko su ne gemu, farar hoda a ka ita ce furfura. Tabarma da buta da 'yar kujera ta tsugunno sun isa su zama tsakar gida, a ɗauke su a ajiye tebur da kujera, an shiga ofis ko kotu. A da, inda aka rasa mata 'yan wasa, namiji ne kan ɗaura zani ya yi lulluɓi ya fito a matsayin uwargida, jama'a kuma su karɓa. Wanda ya san aikin ya san cewa ɗan kallo na shirye ya yarda da duk abin da aka nuna masa, muddin maganar da ke fita daga bakin 'yan wasan ta yi kama da wadda yake ji a gidansu.

Nan ne aikin marubuci ya shigo, kuma shi ne mutumin da aka fi mantawa da shi a sana'ar. Mai rubuta ƙagaggen labari yana da damar shiga zuciyar tauraronsa ya gaya mana abin da yake saƙawa. Mai rubuta wasa ba shi da wannan gata. Duk abin da yake so mu sani, sai dai wani ya faɗe shi ko ya aikata shi a gabanmu. In yana so mu gane Alhaji marowaci ne, ba zai rubuta "Alhaji marowaci ne" ba, sai ya sa yaro ya zo karɓar kuɗin cefane mu ga yadda za a kwashe. Zai raba labarin kashi-kashi, kowane kashi fitowa-fitowa, yana lissafin wa ya shiga, wa ya fita, wa ke bukatar lokacin sauya riga. Kuma duk wannan wahala ba za ta gaya masa ko wasan ya yi ba. Sai ranar da aka ɗora shi a gaban mutane. Wurin da ya zaci za a fashe da dariya sai ya ji tsit. Wurin da bai ɗauka komai ba sai ya ji wata tsohuwa ta yi salati. Daga wannan dare yake fara zama marubucin wasa na gaske, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na taɓa zama a wani gwaji inda wani matashi ya kawo wasansa na farko, a kan rabon gado. A takarda abin ya yi kyau. Da aka fara karantawa da baki, sai aka ga kowa a wasan, daga alƙali har mai sayar da goro, da murya ɗaya yake magana, muryar marubucin. Wani dattijo cikin 'yan wasan ya karɓi zancen gwaggo ya juya shi yadda gwaggo za ta faɗa, da habaici da jan numfashi, ɗakin ya ɗauki dariya. Yaron bai yi fushi ba. Ya zauna yana gogewa yana sake rubutawa har magariba. A yini guda ya koyi abin da zai shekara yana nema shi kaɗai a ɗakinsa.

Batun kuɗi kuwa, kowace ƙungiya ta san shi kamar yunwar cikinta. Abin da ke shigowa shi ne kuɗin ƙofa, da ɗan karo-karon da 'yan ƙungiya ke yi duk mako, da abin da babban baƙo ya bayar in an yi sa'a ya zo, da liƙin da akan yi wa wanda ya burge. Abin da ke fita kuma: hayar zaure, hayar kujeru da lasifika, janareto da mansa, buga takardun gayyata, sanarwa a rediyo, kuɗin motar 'yan wasa na tsawon makonnin gwaji. In an cire wannan daga wancan, sau da yawa abin da ya rage bai wuce na shayi da burodi ba. Mai janareto ba ya tafiya sai an sallame shi. Mai kujeru haka. Marubuci ne kaɗai ake ce wa Allah ya saka da alheri.

Ba yau Bahaushe ya san kwaikwayo ba. Yaran da ke fita tashe daga goma ga watan azumi, suna yin Jatau mai magani da Macukule, wasa suke yi da sutura da murya da saƙo. Wasan gauta da matan fada kan yi, suna kwaikwayon sarki da hakimansa, hanya ce ta nuna wa mai mulki kansa ba tare da an yi masa tsaurin ido ba. Abin da boko ya kawo shi ne rubutawa da labule da tikiti. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays a shekarun 1930 domin makarantu. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi da kuma lokacin da yake malanta, yana zungurar zalunci da su. An buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949. Shu'aibu Maƙarfi, wanda wasanninsa suka fara fita ta rediyo a Kaduna, ya ba mu Zamanin Nan Namu a 1959, sannan Jatau Na Kyallu. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya zo a 1968, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa ya haɗu da ɗaya daga cikinsu, kuma da yawa sun hau daɓen makaranta da su. Gidajen talabijin suka ɗauki 'yan wasa suka mai da su sanannu: Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, ga 'yan shirin Kuliya Manta Sabo a Kano.

A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙungiyoyin unguwa, kuma su ne makarantar sana'ar. A Kano akwai Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa da wasunsu. 'Yan Tumbin Giwa ne suka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin masana'antar da daga baya aka raɗa wa suna Kannywood. Ba na cikin masu zagin fim. Ya ciyar da dubban gidaje, ya kai Hausa inda daɓe ba zai taɓa kai ta ba. Amma gaskiya ita ce da kaset ya fara kawo kuɗi, ƙungiyoyin suka kwashe kayansu suka bi shi, aka bar ajin gwaji babu kowa. Yau matashin da ke da baiwar rubuta zance yana da ƙofofi: tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da masu shirya fina-finai masu dogon zango a YouTube. Sai dai a can ana karɓar rubutunsa ne a ɗauka a watsa, ba ya zama cikin jama'a ya ji numfashinsu. Abin da yake samu shi ne yawan waɗanda suka kalla, kuma adadi ba ya gaya wa marubuci a wace fitowa ce ya yi sake.

To wa zai ɗauki nauyin daɓe? An gwada hanyoyi, kuma kowace da abin da ta zo da shi.

A Nijar gwamnati ce ta ɗauka. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa ana zagayawa da shi manyan garuruwa, wasan kwaikwayo na cikin abubuwan da ake gasa a kai. A wannan zamani ne ƙungiyar Damagaram, wadda malamin makaranta Yazi Dogo ke cikin jagororinta, ta yi tashen da har yau ake tunawa. Salonsu abin lura ne. Ba sa rubuta zance kalma-kalma. Sukan zauna su tsara ƙashin labarin tare, kowa ya san inda fitowarsa ta dosa, sannan ya cika ta da bakinsa. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta yi littafi guda a kan wannan a 1987. Gwamnati ta ba da zaure da mota da rediyo da talabijin, sana'ar ta yi ƙarfi. Amma da tsarin Samariya ya shuɗe, tallafin ya bi shi.

A Zariya kuwa jami'a ce. An fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina musu gidan wasa na laka, da zaurukan da suka yi kama da gidan Bahaushe, wanda Steven Ehrlich ya zana. Malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su mai da ita wasa, su nuna a dandalin gari, a tsaya a yi muhawara. Niyyar mai kyau ce, aikin kuma ya yi tasiri. Daga baya ƙungiyoyin agaji suka gane amfanin wannan hanya, suka zama su ne manyan masu ba 'yan dirama aiki: wasa a kan rigakafin shan inna, wasa a kan zuwa awo, wasa a kan zaɓe. Ba na raina wannan, rayuka sun tsira ta dalilinsa, 'yan wasa kuma sun samu na cefane. Illarsa ga marubuci ce. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An ba ka saƙo, an ba ka ƙarshen labari tun kafin ka ɗauki biro, aikinka kawai ka nemo mai taurin kai da za a wayar wa da kai a fitowa ta ƙarshe. Matashin da ya shekara biyar yana wannan zai iya tara mutane a kasuwa, amma zai yi wuya ya rubuta wasan da shi kansa bai san inda zai ƙare ba sai da ya kai.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana Jos. A can akwai ƙungiya mai zaman kanta, Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997. Ba ta gwamnati ba ce, ba ta jami'a ba ce. A 2004 ta fara shirya bikin wasan kwaikwayo na Jos, da tallafin Gidauniyar Ford a shekarun farko, daga baya ofishin jakadancin Amurka a Nijeriya ya zama babban mai ɗaukar nauyi. An sha yin bikin a harabar Alliance Française ta Jos. Tsarinsu ne ya kamata mu duba. A mako guda za a nuna wasannin manyan marubutan duniya irin su Arthur Miller da August Wilson, a kuma nuna sababbin wasanni na matasan Nijeriya waɗanda ba a taɓa ɗora su a daɓe ba. Da rana a yi bita kan ba da umarni da tafiyar da ƙungiya, da yamma a ɗaga labule. Sabon marubuci yana samun darakta, da 'yan wasan da suka san aiki, da makonnin gwaji, da 'yan kallo. Yana kuma ganin aikinsa kusa da na gwanaye, ya auna kansa. Sun yi wannan a garin da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, inda tara Musulmi da Kirista a wuri ɗaya da dare ba ƙaramin abu ba ne.

Akasarin wasannin Jos da Turanci ake yin su, wannan gaskiya ne, kuma dogaro da kuɗin waje yana da nasa haɗari, domin ranar da mai bayarwa ya sauya ra'ayi sai biki ya tsaya. Amma sun nuna abu ɗaya da ba a musu: ƙungiya ƙarama, in tana da rajista da asusu da lissafi a rubuce da shiri na shekara, za ta iya zuwa gaban mai kuɗi ta nemi tallafi ba tare da ta sayar da bakinta ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na Hausa a nan suke faɗuwa. Akwai gwanaye a daɓe, babu mai riƙe littafin kuɗi. Mai son taimakawa kuwa yana so ya ga inda nairarsa ta shiga.

Gasa ma tana da nata amfani. Gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya a farkon shekarun 1980 ita ta fito da Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci. Gasar tunawa da Injiniya Muhammadu Bashir Ƙaraye ta karrama Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino a 2009. Babbar kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, wadda daga baya ta kai dala 100,000, tana zagayowa kan wasan kwaikwayo duk bayan shekara huɗu, Ahmed Yerima ya ci ta a 2006, sai dai ta masu rubutu da Turanci ce. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yadda gasa mai ɗorewa ke fito da sababbin alƙaluma, amma ta gajerun labarai ce. Kuma ko da an samu irinta ta wasan kwaikwayo, kyauta rabin aiki ce. Wasan da aka ba lambar yabo aka ajiye a kanta ba a nuna shi ba, kamar rigar da aka ɗinka ce ba a taɓa sa ta ba, ba wanda ya san inda ta matse.

Akwai masu ƙyamar abin saboda tarbiyya, kuma bai kamata a yi watsi da damuwarsu ba. Iyaye na tsoron cakuɗuwar maza da mata da dawowar dare. Amsar tana hannun ƙungiyoyin: a yi gwaji da rana a wurin da kowa ke gani, a tashi kafin magariba, a gayyaci iyaye su zo su zauna a sahun gaba. Wasan daɓe ma ya fi sauƙin sa ido a kai, tunda a gaban unguwa ake yin sa, wanda ya yi abin kunya a take zai ga fuskar kawunsa.

Abin da matashin marubuci ke bukata bai kai kuɗin fim ɗaya ba. Yana bukatar zauren da ba za a kore shi ba, da 'yan wasa shida ko takwas da za a biya wa kuɗin mota na wata guda, da dattijo ɗaya a sana'ar da zai karanta rubutunsa ya gaya masa gaskiya, da dare biyu ko uku a gaban jama'a, da ɗan abin da za a damƙa masa a hannu a ce wannan ladan rubutunka ne. Wuraren suna nan. Kano na da Gidan Ɗan Hausa da Hukumar Tarihi da Al'adu, jihohi na da hukumomin raya al'adu, sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo na cike da ɗaliban da ke nazarin Jatau Na Kyallu a takarda ba su taɓa ganin sa a tsaye ba. Attajirin da ke ɗaukar nauyin gasar ƙwallon unguwa zai iya ɗaukar sababbin wasanni uku a shekara bai ji a jikinsa ba, in ya yarda ya bar marubutan su faɗi abin da ke ransu. Manyan jaruman fim da suka taso a daɓe su ma akwai bashi a kansu, kuma fitowar ɗayansu sau ɗaya a wasan wani yaro ta isa ta cika zaure.

Kai kuma mai karatu, in ka ji sanarwar wasa a makarantar 'ya'yanka ko a zauren garinku, ka je. Ka biya kuɗin ƙofa, kada ka nemi a shigar da kai don sanayya. In an tashi, ka tambaya a nuna maka wanda ya rubuta, ka gaya masa fitowar da ta taɓa ka da wadda ta gundure ka.